A CI TARAR UBAN DA ƊANSA KE FASHIN LAKWAL? MU YARDA KO MU ƘI?

(Wannan shi ne jawabin da aka yi a taron wakilan rassa. Sakataren kowane reshe ya tara mutanensa ya karanta musu, wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda bai zo ba.)

 

Magana guda aka ba ni, ita zan yi in zauna. Rassa da dama sun aiko da tambaya iri ɗaya, watau in an rubuta yaro a lakwal, ya riƙa fashi, ko kuwa ya daina zuwa sam, shin ya kamata hukuma ta ci tarar ubansa, ko ma ta kai shi kaso? Waɗansu 'yan'uwa sun ce a yi haka, har suna so mu nemi a kafa doka. Ba na zarginsu. Mutumin da ya tsaya kasuwar Damagaram ran Alhamis, ko ta Ƙwanni ran Laraba, ya ga yara 'yan shekara 8 da 10 suna tallan ruwa da tura kura da hantsi, lokacin da ya kamata suna cikin aji, lalle ransa ya ɓaci. Nawa ma yana ɓaci. Amma ra'ayina shi ne kada reshe ko ɗaya ya goyi bayan tara da kaso, sai a wuri ɗaya tak, zan kuwa zo kansa in Allah ya yarda.

Ku bar ni in fara da abin da ya wuce, gama wannan hanya mun taɓa binta.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya sha ba mu labarin ranar da kakata ta jefa shi cikin rumbu ta rufe da zana. Yini guda ya yi bisa damman gero, ba ruwa, ba tari, domin gardin kumandan ya sauka garin neman yaran lakwal. Yadda a ke yi a zamanin Nasara, kumandan ya kan yanka wa sarki yawan yaran da zai kawo, kamar yadda a ke yanka haraji. Sarki ya raba wa masu gari, mai gari kuma ya dubi gidan da ba shi da mai tsaya masa. Ɗan sarki ya kan tsira, ɗan mai dukiya a fanshe shi da rago, sai a kama maraya da ɗan bara da ɗan wanda ba ya shiri da fada. Uban da ya ɓoye ɗansa kuwa, kumandan yana da ikon ya ci tararsa ko ya ɗaure shi kwanaki ba tare da wata shari'a ba, kuma ba a soke wannan iko ba sai 1946, shekarar da aka soke aikin tilas. To, ina amfanin bulalar? Sa'ad da ƙasar nan ta sami mulkin kai a 1960, cikin yara 100 da suka isa shiga lakwal, waɗanda ke ciki ba su kai 5 ba. Abin da tilas ta shuka shi ne tsoro, har talaka ya sa lakwal jeri ɗaya da haraji da ɗaukar soja. Shekaru masu yawa aka yi ana lallashi kafin wannan tsoro ya kwanta, har yanzu kuwa a waɗansu ƙauyuka barci ya ke yi, bai mutu ba.

Na san amsar da za a ba ni, amsa ce mai ƙarfi. Za a ce ai waɗanda aka kama da ƙarfi su ne suka zama mushe da likita da minista, 'ya'yan da aka ɓoye cikin rumbu suka ƙare suna yi musu fadanci. Gaskiya ne. Mahaifina da kansa ya kan ce da kakata ta bar shi an tafi da shi. Amma ku duba da kyau. A wancan lokaci yaran kaɗan ne, Nasara kuma yana bukatar akawu da tafinta, saboda haka duk wanda ya jure har ya sami takarda, aiki na jiransa. Ba bulala ce ta sa mutane suka sake ra'ayi ba. Ganin ɗan maƙwabci ya komo da albashi shi ya sa uban da ya ɓoye ɗa na fari ya kai na biyu da hannunsa.

Sa'an nan ku dubi Faransa kanta, wadda muka gaji tsarin lakwal daga gare ta. A gida ba haka ta yi wa mutanenta ba. Cikin Yuni 1881 ta fara kafa dokar cewa lakwal ta gwamnati kyauta ce. Sai cikin Maris 1882 ta kafa ta tilas, ga yara daga shekara 6 zuwa 13. Kun ji jerin: kyauta tukuna, kāna tilas. Cikin dokar ta 1882 kuma, in yaro ya yi fashi, ba a fara da tara. A kan kira uban gaban kwamitin gari a yi masa bayani. In ya sake, a liƙa sunansa a ƙofar ofishin magajin gari. Sai in ya sake yi kuma a kai shi gaban alƙali. Abin da ya fi ba ni mamaki, dokar ta yarda kwamiti ya ba yaro izinin zama gida har wata 3 cikin shekara, ban da hutu, domin sun san manomi yana bukatar hannu. Wannan sassauci shi ne bai ƙetaro teku ya iso mana ba. A 2010 kuma Faransa ta gwada yanke wa iyayen masu fashi kuɗin tallafin iyali, a farkon 2013 ta soke, gwamnatin lokacin ta ce ba ta ga amfanin abin ba.

To, mu komo gida. Dokar ilmi ta Yuni 1998 ta ce ilmi hakki ne na kowane ɗan ƙasa, ta ce gwamnati ta ɗauki alkawarin ilmantar da yara daga shekara 4 zuwa 18. Wannan alkawari bashi ne. Kafin mai bin bashi ya kai ƙarar wani, sai mu tambaye shi ko shi ya biya nasa.

Ku da ke zaune cikin garuruwan kasuwa kun san ajin zana. A kan ce lakwal ta buɗe farkon Oktoba, amma ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an sami kara, watau Nuwamba, wani wuri har Disamba. Iyaye ne ke kawo karan, su ke kafa itacen, su ke ɗaurawa. Iska da ruwan fari na Mayu ko Yuni su zo su kwashe rumfar, shekara ta ƙare ke nan. Wa ya yi fashin waɗannan watanni, yaro ko hukuma? A 2021 hukuma da bakinta ta ƙirga irin waɗannan azuzuwa wajen 36,000. A shekarar ce, cikin Afirilu, wuta ta kama azuzuwan zana a Yamai, yara wajen 20 suka mutu, yawancinsu ƙanana ne ƙwarai. Cikin Nuwamba kuma ta kama a Maraɗi, yara fiye da 25 suka tafi. Allah ya ba iyayensu haƙuri. Akwai waɗanda ke zaune nan da suka je jana'izar. Ni ban san da wace fuska za a kai wa uwar da ta ga wannan rana takardar tara ba, don ta hana wanda ya rage mata shiga rumfar kara.

Ga kuma maganar mushe. Ba na zagin malaman lakwal, akwai su cikinmu, na kuwa san wanda ke koyar da yara 80 da allo ɗaya. Amma yawancinsu 'yan kwantaragi ne, albashi kaɗan, ya kan yi jinkiri, in ya fito kuma sai mutum ya bar aji ya tafi birni karɓa. Wata shekara a wani gari da na zauna, ɗan ƙanena ya yi mako 3 yana zuwa kowace safiya, ya share fili, ya zauna, rana ta take ya komo, ba malami. Ran da uban ya ce to, bi ni gona, ran nan ne aka sa masa alamar fashi. Sa'ad da aka yi wa 'yan kwantaragi jarrabawa a 2017, wajen ɗaya cikin 3 ne kaɗai suka ci rabin maki. Sa'ad da aka gwada yaran ajin ƙarshe na firamare a ƙasashe 10 masu amfani da Faransanci a 2014, cikin yaranmu 10 fiye da 9 ba su kai matakin karatun da a ke nema ba. An sami ci gaba a gwajin 2019, amma ko a lokacin masu kaiwa ba su wuce wajen 3 cikin 10 ba. Manomi bai karanta waɗannan lissafai ba, amma ya san su. Ya ba da ɗa shekara 6, ɗan ya komo bai iya karanta takardar asibiti ba, hannunsa kuma ya yi laushi ga hauya. In irin wannan uba ya yi shakka, ba jahilci ne ke damunsa ba, lissafi ya yi. Cin tararsa shi ne a bar jaki a doki taiki.

Yanzu ku tambayi kanku, in an kafa dokar, wa za ta kama? Ba za ta kama ɗan kasuwar da ya sa 'ya'yansa lakwal ta kuɗi ba. Gidan da za ta shiga shi ne wanda hatsinsa ya ƙare tun kafin bazara, maigida ya tafi ci-rani Kano ko Legas ko Libiya, ya bar mace da yara 6. Yarinyar da ku ka gani da tire ran kasuwa, cinikinta shi ne tuwon dare. Yaron da ba ya aji cikin Yuni yana bayan uwarsa yana binne iri, domin ruwan shuka ba ya jiran jarrabawa. Mai kawo sammaci ba zai sami uban ba, uwar zai samu. Da me za ta biya? Ta sayar da akuya, ko ta auno daga ɗan abin da ya rage. Gidan ya ƙara talaucewa, gobe yara 2 za su fita talla maimakon ɗaya. In kuwa an kai ta kaso, wa zai tashe su da safe ya ce ku tafi lakwal? Ban ma yi maganar ƙauyukan da tashin hankali ya rufe wa lakwal ba, a Tilaberi da bakin iyakar Madarunfa da Gidan Rumji, inda malami da ɗalibi duk suka gudu tare.

Akwai kuma yaron da littafin lakwal ke kira mai fashi, alhali tun asuba yana gaban malam da allonsa. Ubansa bai ƙi ilmi ba. Tun 1957 aka buɗe madarasa a Sayi mai haɗa Larabci da Faransanci, ko'ina kuma aka buɗe irinta za ku ga iyayen da a ke ce wa masu taurin kai suna layi. Wannan ya isa ya nuna mana inda gyaran ya ke.

Masu son doka su leƙa ƙetaren iyaka, ba nisa, daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar hantsi ce, da yawanmu kuma muna da 'yan'uwa can. Nijeriya ta kafa irin wannan doka a 2004. Uban da bai sa ɗansa makaranta ba, karo na fari a yi masa gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, bayan haka naira 5,000 ko wata 2. An rubuta, an buga. Duk da haka shekara da shekaru hukumar UNICEF tana ƙirga yara fiye da miliyan 10 da ba su zuwa makaranta a can, yawancinsu a Arewa. Ba gidan kason da zai ɗauki iyayensu, kowa kuma ya sani, sai dokar ta zama abin da gwamna ke ambata ran da ya ke son a ji muryarsa. Ingila ita tana da kuɗi da ma'aikata, tana kuwa cin tarar da gaske, fam 60 ga kowane yaro, aka mai da shi 80 a 2024. A 2002 ta yanke wa wata uwa ɗaurin kwana 60 saboda 'ya'yanta mata 2, jaridu suka yi ta yayatawa cewa magani ya samu. A 2004 aka sake ɗaure matar nan a kan laifi iri ɗaya. Yaran da ke rasa kwana 1 cikin 10 ko fiye kuma, kafin annobar korona wajen 11 ne cikin 100, bayanta suka haura 20. Annoba ce ta jawo, na yarda, amma tarar tana nan daram ba ta tare kome ba.

Abu ɗaya kuma da ya shafe mu mu 'yan reshe. Tara ba ta tafiya da ƙafarta, hannun mutum ke kai ta. Wani ne zai rubuta sunaye, wani ne zai ce wannan a yafe masa, wancan a kira shi. Kun san garuruwanku. Wanda ya yi gardamar gona da mai gari, da wanda ya ƙi bin inda aka ce a bi ran zaɓe, sunansa ne zai hau bisa takarda, mai abin hannu kuma ya shafa a goge nasa. Abin da aka yi wa kakanninmu ke nan, sai dai an sake hula.

To, na ce akwai wuri ɗaya. Ga shi.

Akwai uban da ba yunwa ce ta kore masa ɗa daga aji ba, shi ne ya cire shi don ya ci da shi. Yarinya tana aji 5, tana ƙoƙari, malami yana nan, ɗaki yana nan, sai a wayi gari an karɓi sadakinta tana shekara 12 ko 13. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cikin 'yan mata 100, 76 an yi musu aure kafin shekara 18, a jihar Maraɗi ma 89. Ba laifin baƙo ba ne wannan, namu ne. Akwai kuma masu ba da yara haya a tafi da su bara ƙasashen waje. Cikin Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, 52 yara ne, yawancinsu daga wajen Kance. Na san talauci ne tushen wannan tafiya, amma akwai dillalai masu cin riba a cikinta, su ba talauci ke tura su ba. A nan ba na cewa hukuma ta naɗe hannu. Yaron ma talaka ne, shi ne kuwa mafi rauni cikin gidan, in mun ce muna tsaya wa talaka ba za mu tsaya ga uban kaɗai ba. Tun Disamba 2017 akwai dokar shugaban ƙasa ta kare yarinya 'yar lakwal, sai a yi aiki da ita. Amma a bi daki-daki. A fara da kiran uban gaban kwamitin lakwal da ƙungiyar iyaye mata da liman, a ji ta bakinsa, a ji ta bakin uwar, a ji ta bakin yarinyar. In akwai rashi a nemi abin da za a toshe shi. In ya ƙi ji bayan an yi haka sau 2 gaban shaidu, sa'an nan maganar ta je gaban alƙali, kada ta tsaya hannun dogari ko jandarma. Laifin da za a tuhume shi kuma shi ne cutar da yaro, ba fashin Laraba ba. Dillalin bara kuwa, ba ni da ko kalma ɗaya ta ceto a gare shi.

Abin da ke jawo yaro aji ba ɓoyayye ba ne. Makiyaya na Tawa da Dakwaro sun san lakwal mai kantin: inda tukunya ke bisa wuta, aji ya cika, ran da hatsin kantin ya yanke, aji ya watse. Ƙasar Meziko a 1997 ta fara ba uwaye kuɗi a hannu bisa sharaɗin yaro ya halarci kwana 85 cikin 100, 'yan mata da yawa kuwa suka zarce sakandare. Kuɗin da za a kashe wajen bin iyaye da sammaci, a sayi gero da shi. A kuma koya wa yaro karatu da harshen da ya sha a nono, Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Buzanci ko Barbarci, kāna a ɗora masa na waje. Tun 1973 aka fara gwada haka a Damagaram, ba sabon abu ba ne. Garin da kasuwarsa ke ci ran aiki kuma, me zai hana a tashi yara da wuri ran nan a rama wata rana? Kasuwa ta girmi lakwal a ƙasar nan, ba kuwa za ta tashi don ita ba.

Ga aikin da na ke roƙon kowane reshe ya yi kafin taro mai zuwa. Ku zaɓi mutum 3, ɗaya lalle ta zama mace. Su je lakwal ta garinku sau 2, ran kasuwa da ranar da ba kasuwa, da sallama da ladabi, ba da faɗa ba. Su rubuta yara nawa ke cikin littafi, nawa ke zaune, malamai nawa aka turo, nawa suka tarar, azuzuwa nawa ne na zana, kuma ran nawa ga wata aka fara karatu bana. Sa'an nan su ɗauki gida 10 na yaran da ba su zo ba, su shiga su tambayi dalili, su rubuta shi yadda aka faɗa, kada su gyara. Kada a rubuta sunan kowa, dalilin kaɗai mu ke so. In kun tarar da maganar auren 'yar lakwal, wannan kada ku jira taro, ku sami iyaye mata da liman tun ba a sa rana ba. Reshen da ba shi da takarda ya gaya wa sakatare kafin a watse, akwai 'yar ragowa a nan.